Yadda ake gyara gida ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu, kuɗin gyaran kuma su dawo aljihu

Duk shekara da zarar Maris ta shigo wayata ba ta hutawa, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai wane esi zai saya, mai ƙarfin doki ɗaya ko ɗaya da rabi. Ni kuma kullum sai in ce a ajiye maganar esi tukunna, a kawo tsani mu leƙa saman kwano. Na daɗe ina aikin silin da wayarin a cikin Kano da kewaye, kuma abin da na gani shi ne mafi yawan zafin da ke hana mutane barci ta sama yake shigowa, sai ta bangon yamma, sai taga. Idan ba ka tare shi a can ba, kuɗi kawai za ka dinga ƙonawa wajen fitar da shi.

Da can mutum zai iya yin ko oho, wuta da arha mai da arha. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu Band A, rukunin da aka ce yana samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 daga ƙasa da naira 70, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo ɗari biyu da 'yan kai, toh kowane awa ɗaya da fanka ko esi ya yi yana juyawa kuɗi ne tsaba. Shi ya sa gyaran da zan faɗa maka yake iya biyan kansa da kansa. Na jera su ne daga wanda ya kamata a fara zuwa wanda ya kamata a bari ƙarshe, dan Allah kar ka tsallake.

Kayan da za ka tanada

Littafi da biro, da gaske nake, su ne kayan aiki na farko. Sai tsani mai ƙwari, tef na awo, guduma, ƙusar kwano mai hula, burushin ƙarfe na kankare tsatsa, tsintsiya, bokiti, omo, rola da burushin fenti. Fentin farko mai hana tsatsa, wanda masu shago ke cewa red oksaid, da farin fenti na rufi ko fentin mai, ba fentin ruwa na cikin ɗaki ba. Idan dekin ne saman ɗakinka to farar ƙasa ta wadatar. Sai ragar waya mai ƙananan ido, takardar alminiyom ta rufi wadda ake sayarwa a naɗe, soso siriri ko tsohon tif na taya don toshe bakin ƙofa, da zana ko asabari. Takalmi mai ƙasan roba, safar hannu, takunkumi. In kana da ma'aunin zafi na ɗaki ya yi kyau, in babu tafin hannunka ma ma'auni ne. Ba sai ka sayi duka a rana ɗaya ba, kowane mataki da nasa kayan.

1. Fara sanin inda kuɗinka ke tafiya

Je wurin mita da ƙarfe bakwai na safe ka rubuta yunit ɗin da ya rage, gobe war haka ka sake rubutawa, ka yi haka sati ɗaya. Man janareta ma haka, lita nawa a rana. Wannan shi za ka dawo ka kwatanta da shi bayan gyara.

Lissafin kansa ba wuya. Kowane kayan wuta akwai wat ɗinsa a rubuce a jiki ko a kwali. Ka ninka wat ɗin da awannin da yake aiki, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit. Misali fankar sama irin ta da tana cin kamar wat 75, in ta yi awa 12 ta ci yunit 0.9 kenan a rana. Esi mai doki ɗaya da rabi kuwa yana haura wat 1000 lokacin da kwamfiresa ke aiki, wato shi kaɗai ya kai fanka goma sha wani abu. Kuɗin gyara kuma sai ka raba shi da abin da gyaran zai rage maka a wata, adadin watannin da zai ɗauka kafin ya biya kansa kenan. Ni duk abin da zai wuce shekara biyu zuwa uku bai dawo da kuɗinsa ba ina ce wa mutum ya dakata.

Gaskiya guda biyu da masu sayar da kaya ba za su gaya maka ba. Idan ba ka da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo maka, to duk tsimin wutar da za ka yi ba zai rage bil ba, sai dai ya rage man janareta ko ya sa batirinka ya kai asuba. Sannan idan dama fanka ɗaya kake kunnawa ba esi ba janareta, gyaran rufi ba zai dawo maka da wasu kuɗi masu yawa ba, ribarka barci ne da lafiyar yara da tsofaffi, wanda ni dai a wurina ya isa dalili. Wanda yake haya kuma ya zauna da mai gida tukunna a yi magana ko za a cire a kuɗin haya, in ya ƙi sai ka tsaya kan abin da za ka iya kwancewa ka tafi da shi.

2. Gano ta inda zafin yake shigowa

Da misalin ƙarfe uku na rana ka taka kujera ka ɗora tafin hannu a silin, sannan ka taɓa bango huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ka sake yi bayan isha'i. Silin ya yi zafi da rana, matsalar kwano ce. Bango ɗaya yana nan da ɗumi har dare kamar an sauke tukunya a jikinsa, wannan bangon yamma ne, ya sha rana tun azahar yanzu yake amayo ta cikin ɗaki. Dekin kuma shi ne mugu, da rana lafiya lau, sai tsakar dare ka ji kamar kana cikin tanda.

3. Farin fenti a kan rufi

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Kwano mai duhu ko wanda ya yi tsatsa yana shan rana ya haura digiri 60 cikin sauƙi a watan Afrilu, fari kuwa mayar da mafi yawan hasken yake yi sama. Shi ya sa nake mamakin yayin da ake yi yanzu na baƙin kwano mai tsakuwa, gida ya yi kyau a hoto amma mai shi yana biyan kuɗin kyan duk wata. In yanzu kake gini, zaɓi fari ko ruwan toka mai haske ko ruwan madara, ka huta da wannan matakin gaba ɗaya.

Lokacin yi shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, ƙurar hunturu ta fara lafawa ruwa bai zo ba. Ka hau da sassafe bayan raɓa ta bushe, ka sauka kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don bayan nan kwanon zai ƙona ka ta cikin takalmi, fentin ma bushewa yake kafin ya kama. Kar ka hau kai kaɗai, a samu mai riƙe tsani. Idan kana tafiya a sama, layin ƙusa za ka dinga takawa don nan ne katako yake a ƙasa, ka taka tsakiya kwano ya lotsa ko ƙafarka ta zurma. Ka duba ko wayar nepa ta ratsa kusa da rufin, in ta yi kusa ka bar wannan ɓangaren.

Share ƙura da ganye, ka wanke da omo da ruwa, ka ɗauraye, ka bari ya bushe ƙarau. Duk inda tsatsa take ka kankare da burushin ƙarfe har sai ka ga ƙarfen, ka shafa fentin hana tsatsa. Ƙusar da ta ɗago ka canza ta, ƙananan huji ka toshe tun yanzu. Washegari ka yi shafa ta farko siririya, ka bari ta kwana, ka yi ta biyu. Siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya nesa ba kusa ba.

Farkon fara aikina na taɓa yi wa wani dattijo a unguwarmu, na ga kwanon kamar ba datti na share kawai ban wanke ba don ruwa ya yi wuya lokacin, ana sayen jarka. Aiki ya yi kyau fes, ya yi ta sa min albarka. Ruwan farko da aka yi a ƙarshen Mayu sai ga fenti yana saukowa ta indararo falle falle kamar ɓawon albasa, tsakar gidan duk ya yi fari. Da kuɗina na sake. Ƙurar hunturu tana da laushi, ido ba ya ganinta sosai amma tana nan tsakanin fenti da ƙarfe. Ka goga yatsa, in ya fito da ja ja to ba ka gama wanki ba.

Sabon kwano mai sheƙi shi ma fenti ba ya kama shi da kyau, kuma dama yana mayar da rana daidai gwargwado, ka ƙyale shi sai ya dusashe, ko ka nemi fentin farko na musamman da aka yi don irinsa.

Mai dekin aikinsa ya fi sauƙi. Share, wanke, toshe tsaga, dama farar ƙasa ruwa ruwa ka shafa sau biyu ko uku. Ka sa safar hannu ka kare idonka don tana ci. Arha gare ta amma damina na wanke ta, duk shekara sai an sake.

In babu kuɗin fenti ko kaɗan, a shimfiɗa zana a saman kwano a danne ta da kyau yadda ake yi a ƙauye, tana aiki wallahi. Sai dai a sauke ta kafin damina don tana riƙe ruwa kwano ya ruɓe, kuma ba a yin haka kusa da madafa.

4. Silin, da barin iska ta ratsa samansa

Ɗakin da ba silin, kwano kai tsaye a kan mutum, ba wani gyara da ya kai sa silin, kuma shi ne gyaran da yake aiki gaba da baya, ya tare zafi da bazara ya riƙe ɗumi da hunturu. Ko na roba ne, ko POP, ko na kwali, duk wanda aljihu ya iya. Ko buhu aka ɗinka aka ɗaure ya fi babu.

Amma abin da kafintoci da yawa ke mantawa, sararin da ke tsakanin kwano da silin yana tara iska mai zafin gaske, in an toshe shi ruf sai zafin ya sauko ta silin ɗin. Dole a bar masa hanyar shiga da ta fita. Ka sa birkila ya fasa ƙananan tagogi biyu a can saman bango, ɗaya gefe ɗaya ɗayan kuma a ɗaya gefen, ko ya sa bulo mai ramuka, a bar kuma 'yar ƙofar iska a ƙarƙashin bakin kwano. Duk ka rufe su da ragar waya, in ba haka ba jemage da tantabaru da ɓeraye za su tare a ciki, warin kashin jemage kuwa sai wanda ya sani.

Takardar alminiyom ana buga ta ne a ƙasan katakon rufi, a bar tazarar kamar yatsu uku tsakaninta da kwano, gefen mai ƙyalli ya kalli ƙasa. In ka shimfiɗa ta a kan silin tana kallon sama ƙura za ta rufe ƙyallin cikin shekara ɗaya ta daina aiki. Kuma ka tuna wutar lantarki na bin jikinta, a kashe mita gaba ɗaya kafin a shiga, duk wayar da ta kware a gyara, kar ƙusa ta ratsa waya. Wasu na jera farin soson nan na cikin kwalin firiji a kan silin, yana tare zafi sosai amma yana kamawa da wuta da sauri, sai an nisanta shi da waya da kan fitila. Ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa kuwa ban yarda da su a cikin silin ba sam, gara da ɓera da gobara.

Tsohon silin na asbestos in yana nan lafiya ka bar shi yadda yake. Kar ka yanka, kar ka huda, kar ka goge shi, ƙurarsa tana lalata huhu kuma sai bayan shekaru ciwon yake fitowa.

5. Inuwa a bangon yamma da tagogi

Inuwa daga waje ake yin ta. Labule mai kauri a ciki yana taimakawa, amma lokacin da rana ta iske labule ta riga ta shigo ɗaki. Rataya asabari ko zana a wajen tagar, ka bar tazara kaɗan iska ta wuce, ko kafinta ya yi mata 'yar rumfa. Bangon yamma ka shafa masa farin fenti ko farar ƙasa, in da fili ka kafa rumfa a jikinsa. Bishiya ita ce ta dindindin, darbejiya na saurin girma ba ta son ruwa da yawa, sai dai ka ja da ita aƙalla taku bakwai ko takwas daga gini da masai don saiwarta na fasa tushe. In filin ƙarami ne zogale ya isa, ga inuwa ga miya.

Tsakar gidan da aka dafe da siminti ko intalok ko'ina shi ma murhu ne da daddare. Kakanninmu da suka yi soro da katangar ƙasa mai kauri da ƙananan tagogi ba rashin wayewa ba ne, mu ne muka zo da bulo mai inci shida da gilashi faɗin bango.

6. Toshe kafa, da sanin lokacin buɗe taga

Wannan kusan kyauta ne. Da bazara a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna da daddare har zuwa safiya, da rana ta ɗaga kamar ƙarfe tara a rufe a saki labule, don iskar waje ta fi ta ciki zafi. Mutane da yawa akasin haka suke yi. Sai dai taga ta kasance da raga saboda sauro.

Ƙasan ƙofa ka buga tif ko soso, gefen tagar da ba ta rufuwa daidai ka liƙa soso siriri, ramin da mai sa esi ya fasa ya wuce da bututu ya tafi ya bari a buɗe ka toshe shi. Da daddare ka kashe fitilar ɗaki wani ya haska tocila daga waje, duk inda ka ga haske nan sanyinka ke fita, nan kuma ƙura da iskar hunturu ke shigowa.

7. Fitila da fanka

In har yanzu akwai ƙwan fitila mai jan haske na wat 60 ko 100 a gidanka cire shi yau, LED mai wat 9 zai ba ka hasken na 60 ɗin kuma ba ya ɗumama ɗaki.

Fanka kuma akwai sabbin da ake kira BLDC, suna cin kamar wat 30 maimakon 75. A awa 12 bambancin ya kai rabin yunit da ɗoriya a rana, kamar yunit 16 a wata, in ana sayar maka da yunit naira 200 ka tsira da sama da naira 3000 a kan fanka ɗaya. Raba kuɗin fankar da wannan ka gani ko ta yi maka. Ga mai sola ko inbata ma ta fi amfani, don batirin da ke mutuwa ƙarfe biyun dare zai iya kai ka asuba, ga mai janareta kuma kar ka manta ƙaramin janareta da ƙyar lita ɗaya ta ba ka yunit biyu, wato wutarsa ta fi ta nepa tsada sosai. Fara canza wadda ta fi daɗewa a kunne, ta falon baƙi da ake kunnawa ran Juma'a kawai bar ta. Fanka jiki take sanyayawa ba ɗaki ba, in ba kowa a ciki kashe ta.

8. Yanzu sai maganar esi

Bayan ka yi waɗancan za ka iya tarar da ɗakin da aka ce sai doki ɗaya da rabi, doki ɗaya ya ishe shi. In za ka saya kuma kana kunnawa awanni da yawa kullum, mai inbata ya fi, yana rage gudu in ɗaki ya yi sanyi maimakon ya dinga mutuwa yana tashi. In sau ɗaya a sati kake kunnawa ƙarin kuɗinsa ba zai dawo da wuri ba.

Sa shi a digiri 25 ko 26 ka haɗa da fanka. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfiresa hutawa kawai yake yi, ka kwana cikin bargo kana biyan kuɗi. Zaro ragar tace ƙura ka wanke duk sati biyu, da ƙura ma duk sati. Injin esin na waje a sa shi a inuwa amma kar a kulle shi cikin akwatin da iska ba ta fita. Kuma gas ɗin esi ba ƙarewa yake kamar na girki ba, duk wanda yake zuwa yana ƙara maka gas duk bayan wata uku to akwai inda yake yoyo, ka ce ya nemo wurin ya liƙe.

Wanda ba shi da halin esi, kula mai ruwa, wato fankar nan da ake zuba wa ruwa, tana aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe, dabara ɗaya ce da ta randa, ita ce kuma marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya ta ajiye kayan miya har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000. Amma a bar taga a ɗan buɗe, kuma da damina ta sauka a ajiye ta, don gumi kawai za ta ƙara maka.

9. Hunturu

Silin da toshe kafofi sun riga sun yi maka rabin aikin. Saura juya tsarin, da rana a ɗage asabari a buɗe labule rana ta shigo, kafin magariba a rufe komai. Shimfiɗa darduma ko tabarma biyu a kan tayil. Farin rufi yana ɗan rage ɗumin rana da hunturu, gaskiya ne, amma sanyinmu na Disamba da Janairu ne kuma da dare ya fi cizo, zafi kuwa ya fi shi daɗewa da tsanani. Mutanen Jos da Mambila su lissafinsu daban, su silin da toshe kafa ya fi musu fentin amfani.

Hita mai jan ƙarfe tana cin wat 1000 zuwa 2000, daidai da esi ko fiye, ƙarin bargo ya fi ta arha. Ruwan wanka in da hali baƙar jarka a rana tun hantsi tana ba da ruwa mai ɗumi kafin la'asar.

Kaskon gawayi kuwa, dan girman Allah kar a kwana da shi a ɗaki, balle yanzu da ka toshe ko'ina. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa da ciwon kai, a wayi gari gida guda ba wanda ya tashi. In za a ji ɗumi a ji a tsakar gida ko a bar ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareta ma haka, ba a zaure ba, ba a ƙarƙashin taga ba, ba a lungun da hayaƙi zai dawo ciki ba, can nesa a fili bakin salansa yana kallon waje.

Bayan wata ɗaya da gama kowane mataki ka koma wurin mita da littafin nan naka, ƙarfe bakwai na safe, ka sake ɗaukar lissafin sati ɗaya. Abin da ya ragu ka ware shi gefe, da shi za ka sayi kayan mataki na gaba. Rufin kuma duk ƙarshen Fabrairu a hau a wanke shi, don ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta mayar da farin fenti ruwan ƙasa.